Garin zinki ya yi ɗumi a cikin buhu, yaron shago kuma ya kwana da zazzaɓi: ina neman bayani

Mai Walda ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon masana sinadarai da ma'aikatan lafiya su taimaka mini da bayani a kan wasu abubuwa da suka faru a shagona cikin wannan damina, domin sun tsaya mini a rai. Sana'ata walda ce, kuma yawancin aikin da ke zuwa mini ƙofofin gida ne da ƙafafun tankin ruwa, waɗanda muke haɗawa da fayif mai rufin zinki, wanda a kasuwa ake ce wa galbanaiz. Matsalar da na daɗe ina fama da ita ita ce, duk inda wutar walda ta taɓa, rufin nan yakan ƙone, kuma kafin damina ɗaya ta wuce sai ka ga tsatsa ta zagaye mahaɗar kamar zobe, alhali sauran jikin fayif ɗin yana nan fes. Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in sayi garin zinki in dama da fentin mai, in riƙa shafawa a wurin da ya ƙone. Na sayi kilo biyar, gari ne mai launin toka, mai laushi kamar siminti amma ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, na ajiye a lungun sito.

Cikin watan Agusta rufin siton ya yi yoyo, ruwa ya taɓa gindin buhun. Bayan kwana biyu na ɗora hannu a kansa, sai na ji shi da ɗumi kamar gurbin da kaza ta tashi daga kai, garin kuma ya dunƙule, samansa ya yi fari-fari. Ragowar fentin da na dama na rufe a gwangwani, shi ma na tarar murfinsa ya kumbura, da na ɓanɓare shi sai iska ta fita da ƙara.

A makon nan kuma yaron shagona ya wuni yana waldar wannan fayif a cikin shago, ƙofa a sakaye saboda ruwan sama, farin hayaƙi ya cika wurin. Da dare ya yi sai ga shi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi, yana cewa bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake yi. An gwada jininsa ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba, kuma kafin kwana biyu ya warware sarai. Shin waɗannan abubuwa suna da alaƙa da juna? Sannan wannan zinkin shi ne wanda ake bai wa yara a asibiti idan suna gudawa? Na kuma ga an rubuta zinki a jikin ledar wani maganin ɓera, abin da ya ƙara rikita ni ke nan.

Malamin Kimistiri ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Duk abubuwan da ka lissafa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma igiyar ita ce halin zinki na saurin ba da kansa ga abin da ya kusance shi. Zinki ƙarfe ne mai lamba 30 a jadawalin sinadarai, yana narkewa a digiri 420 na ma'aunin Salshiyos ko ƙasa da haka kaɗan, yana kuma tafasa ya zama tururi a digiri 907. A tsofaffin ƙamus na Hausa za ka same shi da sunan tutiya, kalmar da ta zo mana ta hanyar Larabci, wadda asalinta take nufin farar ƙurar da ke taruwa a jikin bututun hayaƙin matoyar tama. Ka riƙe wannan ƙura a ranka, domin ita ce ta kwantar da yaronka.

Bari in fara da dalilin da ya sa ake rufe baƙin ƙarfe da zinki. Ba rufi kawai yake yi kamar fenti ba. Idan zinki da baƙin ƙarfe suna manne da juna, sai danshi ya sauka a kansu, to zinkin ne zai fara ciwuwa, ƙarfen kuma ya tsira, saboda zinki ya fi shi saurin sakin lantarkinsa. Masana suna auna wannan hali da lambobi: zinki yana da −0.76 na bolt, baƙin ƙarfe −0.44, kuza kuma −0.14, kuma wanda lambarsa ta fi yin ƙasa shi ke ciwuwa domin ɗan'uwansa ya rayu. Shi ya sa idan ka karce kwanon rufi da ƙusa, layin da ka karce yakan daɗe bai yi tsatsa ba, amma idan ka karce gwangwanin tumatir, wanda rufinsa na kuza ne, cikin 'yan kwanaki wurin zai yi ja, domin a can ƙarfen ne yake ciwuwa, kuzar ta zauna lafiya. Sai dai wannan kariya ba ta kai nisa, 'yan milimita kaɗan ne daga bakin rufin, don haka faffaɗan wurin da waldarka ta ƙone ya fi ƙarfinta, sai zoben tsatsar da kake gani ya fito. A masana'anta ana tsoma ƙarfen ne cikin narkakken zinki mai zafin kusan digiri 450, dabarar da wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi wa rajista a 1837.

Yanzu ga batun garin. Kwanon rufi da garin da ka saya abu ɗaya ne, bambancinsu yawan fuskar da iska da ruwa suke iya taɓawa. Ka ɗauki dunƙulen zinki mai santimita ɗaya a kowane gefe, fuskarsa duka murabba'in santimita 6 ce. Idan aka farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu kaurin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, nauyinsa bai canza ba, amma fuskarsa ta koma murabba'in santimita 6,000. Kowa ya san gungume yakan yi wuyar kamawa da wuta, amma ƙaiƙayi ko dusar katako da ƙyastu ɗaya suke tashi. To haka garin zinki yake. Da danshi ya shige shi, sai ya fara haɗuwa da ruwan da kuma oksijin na iska, yana komawa haidiroksaid da oksaid na zinki, wato tsatsar zinki, waɗanda su ne fari-farin da ka gani, yana fitar da zafi, yana kuma sakin iskar haidirojin. A cikin buhu zafin ba ya samun hanyar fita, kuma ƙarin zafi yana ƙara saurin aikin, shi ya sa a dokokin sufurin kayan haɗari aka sanya garin zinki cikin abubuwan da ke fitar da iska mai kamawa da wuta idan sun jiƙe, waɗanda kuma za su iya kunna kansu. Allah ya kiyaye, da buhun ya fi haka girma, kuma a shagon da tartsatsi ke tashi kullum, da labarin ya sha bamban. Iskar da ta kumbura murfin gwangwaninka ma haidirojin ce, daga danshi da ɗan asid ɗin da ke cikin fentin mai.

Game da shawarar abokinka, gaskiyar magana tunanin daidai ne, amma hanyar ba za ta kai ka ba. Fentin zinki na gaske yana aiki ne idan ƙwayoyin garin sun yi yawan da suke taɓa juna suna kuma taɓa ƙarfen, ta yadda lantarki zai iya bi ta cikinsu, kuma a masu kyau zinkin yakan kai kashi 80 zuwa sama da 90 cikin ɗari na nauyin busasshen fentin. Cokali biyu ko uku a cikin gwangwani launi kawai zai canza. Bayan haka, fentin mai da zinki ba sa jituwa: man yakan haɗu da zinkin ya zama wani abu mai kama da sabulu a ƙarƙashin fentin, shi ya sa fentin mai yake ɓarewa falle-falle daga jikin sabon kwano. Ka nemi fentin da aka haɗa musamman domin gyaran galbanaiz, akwai na gwangwani akwai na fesawa, kuma alamar mai kyau ita ce ka ji gwangwanin ya yi nauyi fiye da girmansa.

Hayaƙin walda kuwa lissafinsa a fili yake. Ƙarfen da kake haɗawa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500 yake narkewa, zinki kuma tun a 907 ya riga ya zama tururi. Tururin yana fitowa ya gamu da iska sai ya ƙone ya zama zinki oksaid, ZnO, wato farin hayaƙin nan da ke barin wani abu kamar zaren auduga yana yawo a shago. Ka lura da gefen waldar lokacin da take da zafi, za ka ga ƙurar ta yi rawaya, idan ta huce ta koma fara tas. Wannan canjin launi hali ne na zinki oksaid, da shi muke gane shi a ɗakin gwaji. Abin da yake yi wa jiki kuwa, na bar wa ma'aikatan lafiya.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Malam Mai Walda, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Abin da ka bayyana ya yi daidai da ciwon da likitoci suke kira zazzaɓin hayaƙin ƙarfe, kuma hayaƙin zinki oksaid shi ne ya fi kawo shi. Ba ya zuwa nan take, sai bayan awa huɗu zuwa goma ko sha biyu da shaƙar hayaƙin, shi ya sa mutum zai tashi daga aiki lafiya ƙalau, sai cikin dare ya fara rawar ɗari, da ciwon kai da na gaɓoɓi, da bushewar maƙogwaro, da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yawanci yakan tafi da kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wani abin lura game da shi shi ne, jiki yakan ɗan saba idan ana shaƙa kullum, amma sabon yana gushewa da hutun kwana ɗaya ko biyu, don haka ya fi kama mutum a ranar da ya koma aiki bayan hutu. Wannan sabo ba lafiya ba ce, kada ya ruɗi kowa.

Kun kyauta da kuka yi gwajin jini, domin a ƙasarmu duk zazzaɓi da sunan cizon sauro ake kiransa, ana ta shan magani a banza. Amma ina jan kunne a kan abu ɗaya: idan mai walda ya fara jin numfashinsa yana sarƙewa, ko tari ya tsananta, ko zazzaɓin ya wuce kwana biyu, a kai shi asibiti a kuma gaya wa likita aikin da yake yi, domin akwai ƙarafan da aka rufe da kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, akwai kuma tsofaffin fenti masu dalma, waɗanda hayaƙinsu ya fi na zinki muni ƙwarai, na kadmiyom ma yana iya kisa.

Maganin yara kuma zinki salfet ne, gishiri ne fari mai narkewa a ruwa, wanda aka tace aka auna. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka ba da shawarar a riƙa haɗa shi da ruwan gishiri da sukari ga yaron da ke gudawa, awon da suka bayar a lokacin kuma shi ne miligiram 20 a kullum na kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya wuce wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba. Ƙwayar tana narkewa a cokalin ruwa ko na nonon uwa. Kuskuren da nake gani kullum shi ne, da gudawar ta tsaya a kwana na uku sai uwa ta ajiye maganin, alhali ƙarasa kwanakin ne yake taimaka wa hanji ya warke, ya kuma rage dawowar ciwon a watannin da ke biye. Jikin babban mutum gaba ɗaya yana ɗauke da zinki giram biyu zuwa uku ne kacal, abin da yake buƙata a rana kuma bai wuce miligiram 8 ga mace da 11 ga namiji ba, kuma wanda ya daɗe yana shan fiye da kima yakan hana jikinsa tsotsar sinadarin jan ƙarfe, har jini ya ragu. Don haka garin da ke shagonka ba magani ba ne ta kowace fuska, balle ma na masana'anta yakan zo da ɓurɓushin dalma da kadmiyom.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na ledar maganin ɓera. Wancan zinki fosfaid ne, gari ne baƙi-baƙi mai wari kamar na tafarnuwa, kuma launinsa bai yi nisa da na garin zinkinka ba, don haka kada a taɓa ajiye su wuri ɗaya ko a juye ɗaya a ledar da ba ta da suna. Gubarsa ba daga zinkin take ba. Idan ya shiga ciki ya gamu da asid ɗin tumbi, sai ya saki iskar fosfin, ita ce take lalata zuciya da hanta da huhu, kuma ba ta da makari. Wanda ya haɗiye shi, yaro ko babba, a garzaya da shi asibiti tare da ledar, ko da yana cewa ba ya jin komai, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara a gida.

Tsohon Maƙerin Kwano ya amsa:

Ina gaida malamai. Ni ban yi karatun boko mai nisa ba, jikana ne yake rubuta mini, amma na yi shekara fiye da arba'in ina ƙera bokiti da mazurari da butar ban ruwa da kwanon galbanaiz, kafin roba ta kashe kasuwar. A zamaninmu idan za mu yi liƙi da dalma, mukan yanka ɓawon tsohon batirin tocila, mu wanke shi, mu jefa a cikin ruwan asid a kwalba, ya yi ta tafasa yana kumfa, muna ƙara masa har ya daina ci. To wannan ruwan da ya mutu shi muke shafawa da gashin kaza a bakin kwano, sai dalma ta bi ta kwanta lumui, in babu shi kuwa sai ta dunƙule ta ƙi kamawa. Masu gyaran lagireto ma da shi suke aiki. Ina so Malam ya gaya mini mene ne wannan ruwa a ilimance.

Sannan game da hayaƙi, mu abin da muka gada shi ne a sha madara ko kindirmo bayan aiki, ana cewa yana wanke ƙirji, kuma har yau ina ganin yara masu walda suna yi. Abu na ƙarshe, na sha gaya wa mata kada su jiƙa tsamiya ko su zuba zoɓo a bokitin da na ƙera, domin na taɓa ganin gidan da aka kwana da jiƙon tsamiya a sabon bokiti, aka dama kunu da shi, kusan duk wanda ya sha sai da ya yi amai, cikin bokitin kuma ya yi dabbare-dabbare kamar an goge shi da yashi.

Malamin Kimistiri ya sake amsawa:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ruwan da kuke haɗawa sunansa zinki kuloraid, ZnCl₂. Ɓawon batirin tocila na gargajiya zinki ne, shi ne ma yake ciwuwa a hankali yana ba da wutar, shi ya sa tsohon batir yake hujewa ya yi yoyo. Asid ɗin da ya dace da aikinku shi ne haidirokulorik, kuma kumfar da kuke gani haidirojin ce, irin wadda ta kumbura gwangwanin Malam Mai Walda, don haka haɗa shi kusa da wuta ko a rufaffiyar kwalba ganganci ne. Amfaninsa a wurin liƙi shi ne yana narkar da siririyar fatar oksaid da ke kan ƙarfe, dalma ta samu tsurar ƙarfe ta kama. Sai dai gishiri ne mai tsananin jan danshi, idan ka bar shi a buɗe yakan tsotsi ruwan iska har ya narke da kansa, don haka idan ba a wanke wurin liƙin ba, ragowarsa za ta ci gaba da cin kwanon. Yana ƙona fata da ido, hayaƙinsa kuma yana ƙona hanyoyin numfashi, ya fi na oksaid haɗari.

Abin da ka gani game da tsamiya gaskiya ne ƙwarai, kuma nasiharka ga mata tana kan hanya. Abin da ke kare kwanon galbanaiz shi ne wata siririyar fata ta zinki kabonet da iska take gina masa a hankali, wadda ita ce take mayar da sabon kwano mai ƙyalli ya koma ruwan toka. Tsami yana narkar da wannan fata, ya ci zinkin da ke ƙarƙashinta, ya mayar da shi gishiri mai narkewa a cikin abin sha, kuma idan ya yi yawa ciki ba ya ɗaukarsa. Tsamiya, zoɓo, lemun tsami, nono mai tsami, ruwan gasara da ya kwana, duk hukuncinsu ɗaya. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, zinki yana ciwuwa ta ɓangare biyu: asid yana cinsa, soda mai ƙarfi ma tana cinsa tana fitar da haidirojin, saboda haka masu haɗa sabulu su ma su nisanci bokitin kwano. Haka kuma idan aka jibge sababbin kwanukan rufi a kan juna ruwa ya shiga tsakaninsu, iska ba ta kai gare su balle fatar kabonet ta ginu, sai farar tsatsa ta fito kamar an barbaɗa alli. A jingine su a tsaye, a bar iska tana ratsawa.

Tun da an tambayi inda waɗannan abubuwa suka haɗu, asalinsu duka dutse ɗaya ne, zinki salfaid, ZnS, wato zinki haɗe da farar wuta. A Najeriya ana samunsa a kwarin Binuwai, daga Enyigba da Ishiagu a jihar Ebonyi har zuwa Zurak a ƙaramar hukumar Wase ta jihar Filato, kuma kusan kullum yana tare da tamar dalma, dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli. A masana'anta ana gasa salfaid ɗin ya koma oksaid, a narkar da oksaid ɗin a asid irin na ruwan batirin mota ya koma salfet, sannan a barbaɗa garin zinki a cikin ruwan domin ya kori jan ƙarfe da kadmiyom su kwanta a ƙasa, daga nan a ratsa shi da lantarki a tattara tsantsar zinki. Da wannan hali na korar wasu ƙarafa daga ruwa ake amfani da garin zinki wajen kwantar da zinariya a manyan ma'adinai. Oksaid ɗin kuma mafi yawansa masana'antun roba da taya ne suke shanye shi, sauran ya tafi fenti da man shafawa na kurjin jarirai da ruwan kalamin da ake shafa wa mai ƙaiƙayi. Abu ɗaya ne da hayaƙin walda, amma a kan fata magani ne, a cikin huhu kuma cuta.

Ma'aikaciyar Jinya ta ƙara da cewa:

Baba, da girmamawa, a batun madara ban yarda da abin da aka gada ba. Madara ciki take tafiya, hayaƙi kuma huhu yake shiga, hanyoyinsu ba su haɗu ba, kuma babu wata hujja ta likitanci da ta nuna tana hana wannan zazzaɓi. Abin da ya sa ake ganin kamar tana aiki shi ne ciwon da ma yana tafiya da kansa. Damuwata ita ce yaro zai sha gwangwanin madara ya ɗauka ya yi rigakafi, sai ya koma ya sunkuyar da kansa cikin hayaƙin. Wanda yake son madara ya sha don abinci ce, amma kariyar tana wurin hana hayaƙin isa hanci.

Mai Walda ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na riga na fitar da buhun daga sito tun da na karanta amsar farko, yanzu yana ƙarƙashin rumfa a bayan shago, nesa da inda muke aiki. Saura tambaya biyu. Garin da ya dunƙule, zan iya daka shi in tankaɗe in yi amfani da shi, ko ya tashi daga aiki? Sannan tunda ba zan iya daina karɓar aikin galbanaiz ba, domin shi ne abincinmu, wane tsari zan bi da yarana daga yanzu?

Malamin Kimistiri ya amsa:

Malam, kada ka daka shi. Daka da tankaɗe za su tayar da ƙurarsa a iska, kuma ƙurar zinki da ta cika wuri tana iya kamawa gaba ɗaya da tartsatsi guda. Ko ba don haka ba, ƙwayoyin da suka jiƙe sun riga sun lulluɓe da oksaid, wanda ba ya barin lantarki ya wuce yadda ake so, don haka amfaninsu a fenti ya ragu sosai. Ka buɗe buhun a hankali, ka baza garin da kauri kaɗan a kan busasshen faranti na ƙarfe a inda iska take wucewa kuma ruwa ba ya kaiwa, ka bar shi ya huce ya bushe sarai. Kada ka toshe shi a gwangwani yana da sauran danshi, kada ka zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, domin zinki yana kashe kifi da sauran halittun ruwa, kada kuma ya kusanci farar wuta, ko ruwan batir, ko takin zamani. Idan har ya kama da wuta, busasshen yashi ake zuba masa, ba ruwa ba, saboda ruwa ƙara masa haidirojin zai yi. Idan ya bushe, ka mayar wa wanda ya sayar maka ko ka kai wa masu narkar da ƙarafa, ka kuma gaya musu ko mene ne.

Game da aikin, kafin a kunna injin walda a sa giranda a goge rufin zinkin daga inda za a haɗa, inci ɗaya zuwa huɗu a kowane gefe gwargwadon kaurin ƙarfen da zafin da zai sha, har sai tsurar ƙarfe ta bayyana. Wannan zai rage hayaƙin sosai, waldar ma za ta fi kyau, domin tururin zinki ne yake huda narkakken ƙarfe ya bar masa ƙananan ramuka. A yi aikin a fili ko a ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, mai walda ya tsaya ta inda iska za ta ɗauke hayaƙin daga fuskarsa, ya kuma sa takunkumi mai matatar ƙura a ƙarƙashin gilashin walda, domin ƙyalle ko hankici ba sa tare ƙwayoyi masu wannan ƙanƙanta. Ranar da ruwan sama ya hana buɗe ƙofa, a ɗaga aikin galbanaiz zuwa wata rana, a yi yanka da aune-aune. Bayan waldar ta huce a kakkaɓe ɓawonta, a goge da burushin waya har ƙarfen ya yi haske, a shafa fentin zinkin a ranar kafin raɓa ta sauka a kai, a haura da shi kaɗan kan tsohon rufin ta kowane gefe, a bar shafin farko ya bushe sannan a ƙara na biyu.